Kiyaye Daidaiton Tazarar Lokaci Wajen Mayar da Ita Lamba Mai Ɗigo Mai Yawo a Manhajojin Nan-Take: Darasi Ga Na'urorin Sola a Magajin Gari, Birnin Gwari

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ƙananan na'urori masu aiki kan lokaci suke rasa daidaiton ƙirgen lokaci a yayin da aka mayar da shi daga cikakkiyar lamba zuwa lamba mai ɗigo mai yawo. Ta bayyana hanyoyi uku da kuskuren yake shiga, ta nazarci abin da ya faru da makamin kariya na Patriot a garin Dhahran a 1991, sannan ta kwatanta shi da cikar maƙirgin mitocin wuta masu kati a Nijeriya a 2024. Hujjar takardar ita ce, wannan kuskure yana girma ne gwargwadon daɗewar na'ura a kunne, don haka yawan ɗauke wuta ya daɗe yana ɓoye shi, alhali kuwa yaɗuwar sola da batura a wurare irin su Magajin Gari zai fito da shi fili. A ƙarshe ta gabatar da ƙa'idojin da mai rubuta manhaja zai bi domin kauce masa.

1.0 Gabatarwa

Manhajar nan-take ita ce wadda ingancin amsarta bai tsaya ga daidaiton lissafi kaɗai ba, sai amsar ta zo a kan lokacin da aka ƙayyade mata, kamar manhajar da ke tafiyar da famfon rijiyar burtsatse, ko inbatar sola, ko firijin ajiye allurar rigakafi. Irin wannan manhaja ba ta cika damuwa da ko ƙarfe nawa ne ba. Abin da take tambaya sau ɗaruruwa a kowane sakan shi ne, lokaci nawa ya wuce tsakanin awon baya da na yanzu. Wannan shi ake nufi da tazarar lokaci, kuma da ita ake lissafa gudu, da yawan ruwan da ya bi ta bututu, da adadin cajin da ya shiga batir.

Magajin Gari suna ne na mazaɓu uku daga cikin goma sha ɗaya na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. Yankin yana da nisan fiye da kilomita 100 daga garin Kaduna, hanyarsa ta ratsa ta Buruku da dazuzzukan da ke maƙwabtaka da Gandun Dajin Kamuku, kuma matsalar 'yan bindiga ta shafe shekaru tana wahalar da matafiya a kanta. A irin wannan wuri, na'urar da aka kafa takan yi watanni ba tare da injiniyan da ya haɗa ta ya sake ganin ta ba, shi ya sa duk wani aibin da sai bayan makonni yake bayyana ya fi zama barazana a can fiye da cikin birni.

2.0 Yadda Na'ura Take Riƙe Lokaci

A cikin kowace ƙaramar kwamfuta akwai ɗan dutse mai kaɗawa da ke bugawa a kai a kai, akwai kuma maƙirgi, wato wurin ajiya da ke ƙara ɗaya a duk bugu. Abin da maƙirgi yake riƙewa cikakkiyar lamba ce, wadda ba ta da ɗigo ko gutsure, kuma ana auna faɗinsa da bit, wato gurbi guda da ke ɗaukar sifili ko ɗaya. Maƙirgi mai bit 32 yana ƙirgawa har 4,294,967,295 kafin ya cika ya koma sifili. Idan milisakan yake ƙirgawa, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kamar yadda umarnin millis yake yi a allunan Arduino, zai cika a cikin kwana 49.7, idan kuwa maikirosakan ne, kashi ɗaya cikin miliyan, zai cika a cikin minti 71 da 'yan kai. Muddin bai cika ba, ƙirgensa ba shi da kuskuren lissafi ko kaɗan.

Lamba mai ɗigo mai yawo kuwa tsarinta daban ne. Ƙa'idar IEEE 754, wadda aka fitar a 1985 kuma masanin lissafi William Kahan ya taka babbar rawa wajen tsara ta, ta raba lambar gida biyu, ban da alamar ragi ko ƙari: akwai jigon lamba, wanda ke riƙe alƙalumanta na gaba-gaba, akwai kuma ma'aunin girma, wanda ke faɗin inda ɗigo zai zauna. Nau'in da ake kira float yana da bit 32, amma 24 ne kawai rabon jigo, kwatankwacin alƙaluma bakwai a ƙirgen yau da kullum. Nau'in double mai bit 64 yana ba jigo 53, kwatankwacin alƙaluma goma sha biyar zuwa sha shida. Tun da yawan alƙaluman bai canzawa, duk sa'ad da lamba ta ninka girma, gibin da ke tsakaninta da lambar da ke bi mata shi ma sai ya ninka. Ana iya kwatanta lamarin da sikelin mai sayen zinari da kuma sikelin buhunan masara a kasuwa: na farko yana ganin ƙwayar da ba ta kai giram ba, na biyu kuwa ko an zuba masa tafin hannu guda na hatsi allurarsa ba za ta motsa ba, ita kuwa lamba mai ɗigo mai yawo takan fara aiki a matsayin sikelin zinari, sannan ta riƙa komawa sikelin buhu yayin da ƙirge ke ƙaruwa, ba tare da ta sanar da kowa ba.

Idan aka ajiye sakan a float, gibin yana kusan rubu'in milisakan bayan awa ɗaya, ya kai milisakan 7.8 bayan kwana ɗaya, milisakan 62.5 bayan mako ɗaya, sannan rubu'in sakan cur bayan kwana 30. Lokacin Unix, wanda ake ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1970 kuma ya haura sakan biliyan 1.7, gibinsa a float sakan 128 ne, wato fiye da minti biyu. Shi ma double yana da iyaka, domin idan nanosakan ake ƙirgawa, kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, yana fara rasa alƙaluma bayan kimanin kwana 104, wanda hakan ne ya sa harshen Python ya ƙara umarnan da ke bayar da nanosakan a cikakkiyar lamba a bugunsa na 3.7 a 2018.

3.0 Hanyoyi Uku da Daidaito Yake Zubewa

Hanya ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce mayarwa kafin ɗebewa. A ɗauki misalin na'urar da ke lura da famfon sola, wadda take awo duk bayan milisakan 10. Bayan kwana 30 a kunne, maƙirginta zai nuna 2,592,000,000, awon gaba kuma ya nuna 2,592,000,010. Idan aka ɗebe su a matsayin cikakkun lambobi, amsar 10 ce babu ragi babu ƙari. Idan kuwa aka fara mayar da kowannensu float, gibin da ke wannan mataki milisakan 256 ne, saboda haka duka biyun za su faɗa kan lamba guda, amsar ta zama sifili. Haka za ta riƙa bayar da sifili kusan sau ashirin da biyar a jere, sannan ta yi tsalle ta ba da 256 sau ɗaya. Manhajar da ke raba canjin awo da tazarar lokaci domin gano gudu za ta raba da sifili, kuma tun da ƙa'idar IEEE 754 ba ta tilasta na'ura ta tsaya a irin wannan hali, sai ta fitar da alamar lamba marar iyaka ko alamar abin da ba lamba ba, wadda za ta gurɓata duk lissafin da ya biyo baya. Ya kamata a lura cewa ba ɗebewar ce ta yi ɓarnar ba, domin masani Pat Sterbenz ya nuna a 1974 cewa ɗebe lambobi biyu masu ɗigo mai yawo waɗanda ɗayansu bai ninka ɗayan ba yana fitowa daidai. Alƙaluman sun riga sun zube tun a wurin mayarwa.

Illar wannan ga awon wutar lantarki ta fi saurin bayyana. Wutar Nijeriya tana juyawa sau 50 a sakan, wato kowane zagaye maikirosakan 20,000 ne, kuma iyakar da aka amince da ita a yanayi na lafiya ita ce tsakanin 49.75 da 50.25. Na'urar da ke auna zagayen da maikirosakan, idan ta mayar da ƙirgenta float bayan awa ɗaya a kunne, gibinta maikirosakan 256 ne, wanda ya kai kuskuren kusan 0.64 a cikin 50, ya zarce faɗin iyakar gaba ɗaya. Inbatar da ke dogaro da irin wannan awo za ta iya ƙin karɓar lafiyayyiyar wuta, ko ta karɓi wadda ta kauce.

Hanya ta biyu ita ce tara gutsattsari. Wasu masu rubuta manhaja sukan buɗe jimilla a float, su riƙa ƙara mata 0.01 a duk zagaye. Matsalar farko ita ce 0.01, kamar 0.1, ba ta da cikakken rubutu a lissafin tushe biyu da kwamfuta ke amfani da shi, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ta ƙarewa a ƙirgen goma-goma. Ta biyu kuma ta fi muni: idan jimillar ta kai sakan 131,072, kimanin awa 36, gibin ya zama 0.015625, sai kowane ƙari na 0.01 a tura shi zuwa 0.015625, agogon ya riƙa gudu da ƙarin fiye da rabi. Idan ta kai sakan 262,144, kimanin awa 73, ƙarin bai kai rabin gibi ba, sai a zubar da shi ɗungurungum, agogon ya tsaya cak alhali na'urar tana ci gaba da aiki.

Hanya ta uku ita ce mayar da lokaci guda ta hanyoyi biyu mabambanta a cikin manhaja ɗaya, sannan a ɗebe sakamakon. Wannan ita ce ta jawo asarar rayuka a Dhahran.

4.0 Abin da Ya Faru a Dhahran

A ranar 25 ga Fabrairu 1991, lokacin Yaƙin Tekun Fasha, wani makami mai linzami samfurin Scud da Iraƙi ta harba ya faɗa kan barikin sojojin Amurka a Dhahran ta ƙasar Saudiyya, ya kashe sojoji 28, alhali akwai rukunin makamin kariya na Patriot da aka girke domin tare irinsa. Rahoton da ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya fitar a Fabrairun 1992 ya danganta gazawar ga lissafin lokaci. Agogon na'urar yana ƙirga kashi ɗaya cikin goma na sakan a cikakkiyar lamba, kuma domin samun sakan sai a ninka ƙirgen da 0.1 da aka yanke domin ta shiga gurbi mai bit 24, yankan da ya bar giɓin kimanin sakan 0.000000095 a kowane bugu. Rukunin ya yi kimanin awa 100 a kunne, wato bugu 3,600,000, don haka kuskuren ya taru ya kai sakan 0.34. Makamin Scud yana gudun kusan mita 1,676 a sakan, saboda haka na'urar rada ta nemi makamin a wurin da ya kauce wa inda yake da fiye da rabin kilomita, da ba ta gan shi ba kuma sai ta ɗauka gargaɗin ƙarya ne, ba ta harba komai ba.

Akwai abin lura a nan wanda sau da yawa ake tsallakewa. Kuskuren bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan ba, alhali ɗan dutsen agogo na yau da kullum yakan kauce da kashi 20 cikin miliyan, kimanin sakan 1.7 a rana, ba tare da wata illa ga awon gajeriyar tazara ba. Da an mayar da lokutan biyu ta hanya guda, da kusan duk kuskuren ya soke kansa a wurin ɗebewa. Kamar yadda masanin lissafi Robert Skeel ya bayyana a 1992, an gyara manhajar domin ta iya bin makamai masu tsananin gudu, aka sa sabuwar hanyar mayarwa mai inganci a wasu wurare, aka bar tsohuwar a wasu, sai ya zama ana ɗebe lokacin da aka gyara daga wanda ba a gyara ba. Gyaran rabi da rabi ne ya mai da ƙaramin aibi ya zama mai kisa.

Haka nan an ƙera Patriot ne da tunanin za a riƙa ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri, ba zai wuce 'yan awoyi a kunne ba. Sojojin Isra'ila sun lura da kaucewar bayan awa takwas tun a ranar 11 ga Fabrairu, kuma kashewa da sake kunnawa, wanda bai wuce minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, yana mayar da agogon sifili. Manhajar da aka gyara ta isa Dhahran ranar 26 ga Fabrairu, kwana ɗaya bayan harin.

5.0 Mitar Kati da Yanayin Birnin Gwari

Mafi kusancin misali a gida shi ne na mitocin wuta masu kati. Tsarin STS, wanda ya samo asali daga Afirka ta Kudu kuma mitocin Nijeriya suke bi, yana ɓoye shaidar lokaci a cikin lambobi 20 da mai sayen wuta yake dannawa, domin kada a yi amfani da kati ɗaya sau biyu. Shaidar maƙirgi ce mai bit 24 da ke ƙirga mintuna daga 1 ga Janairu 1993, kuma minti 16,777,216 sun cika ranar 24 ga Nuwamba 2024. Wannan ne ya sa kamfanonin rarraba wuta, har da Kaduna Electric mai kula da jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, suka umarci masu mita su danna lambobin canjin makulli guda biyu, waɗanda suka mayar da mafarin ƙirgen zuwa 2014, abin da zai kai shi 2045. Wannan ba kuskuren ɗigo mai yawo ba ne, cikar cikakkiyar lamba ce, amma adadin 16,777,216 shi ne daidai inda float yake daina iya ƙirga ɗaya-ɗaya. Bambancin shi ne, cikar mita tana da ranar da aka sani shekaru kafin zuwanta, har aka yi ta shela a rediyo. Zubewar daidaito a float kuwa ba ta da rana, a hankali take shigowa, kuma idan milisakan ake ƙirgawa tana farawa bayan awa huɗu da minti arba'in kacal.

Abin da ya daɗe yana kare na'urori da yawa a ƙasar nan daga wannan aibi shi ne rashin tsayayyiyar wuta. Na'urar da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta tana samun irin kashewa da kunnawar da ke mayar da agogon Patriot sifili, ba tare da kowa ya nufa ba. Da zarar an ɗora ta a kan faifan sola da batir, kamar yadda ake yi wa rijiyoyin burtsatse da firijin asibitoci da shagunan cajin waya a wurare irin su Magajin Gari, Kuyello da Dogon Dawa, wannan kariya ta gushe. Idan ta fara rikicewa bayan makonni, mai gyara zai zargi batir ko zafin rana, ya cire waya ya mayar, ta dawo daidai, kowa ya ce an shawo kan matsalar, har sai ƙirgen ya sake girma. Ƙari a kan haka, rufe layukan sadarwa da aka yi a wasu sassan Jihar Kaduna a ƙarshen 2021 saboda matsalar tsaro ya nuna cewa ba a dogara da intanet wajen daidaita agogon na'ura ko aika mata gyara daga nesa.

6.0 Ƙa'idojin Kiyayewa

Ƙa'ida ta farko ita ce a bar lokaci a cikakkiyar lamba, a ɗebe tukuna, sannan a mayar da sakamakon. Tazarar milisakan 10 idan aka mayar da ita float bayan ɗebewa, kuskurenta bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan 16 na girmanta ba, ko na'urar ta shekara a kunne. Idan an yi amfani da cikakkiyar lamba marar alamar ragi, ɗebewar tana fitowa daidai ko da maƙirgi ya cika ya zagayo tsakanin awon biyu, muddin tazarar ba ta kai tsawon zagaye guda ba.

Ta biyu, kada a tara gutsattsari. A ƙirga bugu, a lissafa sakan daga jimillar a lokacin da ake bukata. Inda tarawar ta zama dole, kamar jimillar caji, a yi ta da cikakkiyar lamba mai bit 64, ko a bi dabarar Kahan ta 1965 mai ajiye abin da ya zube domin mayar da shi a ƙari na gaba.

Ta uku, wurin mayarwa ya zama guda ɗaya tak a duk manhajar, kowane sashe ya kira shi. Idan ana sauya bugu zuwa nanosakan, a fara raba bugun da yawan bugu a sakan domin a ware cikakkun sakan da ragowa, sannan a ninka ragowar kaɗai, don kada ninkawar ta tumbatsa. Wannan rabo na sakan daban da gutsure daban shi ne tsarin timespec na ƙa'idar POSIX, kuma cikakkiyar lamba mai bit 64 tana ɗaukar nanosakan na shekara 292.

Ta huɗu, kada a ɗauka rubuta double ya wadatar. A allon Arduino Uno, double da float abu ɗaya ne mai bit 32, a ƙananan kwamfutoci irin su ESP32 da Cortex-M4F kuwa sashen lissafin na'urar float kaɗai ya iya, double sai a bi ta manhaja a hankali, wanda zai iya cinye lokacin da aka ware wa zagaye.

Ta biyar, a auna tazara da agogon da ba ya komawa baya, ba agogon kwanan wata da mutum ko intanet ke iya gyarawa ba.

Ta shida, a gwada tsufan na'ura tun tana kan tebur. Gwajin awa biyu ba zai nuna aibin kwana 30 ba, amma ana iya fara maƙirgi daga babbar lamba. Masu rubuta manhajar Linux sun tsara maƙirgin bugunta ya cika minti biyar bayan kunnawa, domin duk wani aibi ya fito da wuri. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba, domin a 2015 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗin cewa na'urorin kula da janaretocin Boeing 787 za su iya ɗauke wuta idan suka yi kwana 248 a kunne, sakamakon cikar maƙirgi.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa daidaiton lamba mai ɗigo mai yawo yana raguwa da girmanta, kuma tun da ƙirgen lokaci ƙaruwa kawai yake yi, ajiye shi a wannan siffa kuskure ne da ke jiran ranarsa. Maganin bai bukatar sabuwar na'ura ko ƙarin kuɗi, sai dai sauya jerin matakai biyu a layin manhaja. Saboda haka ana ba da shawarar sassan koyar da injiniyanci da kimiyyar kwamfuta, irin na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, su sa gwajin fara maƙirgi daga babbar lamba cikin sharuɗɗan karɓar aikin ɗalibi. Haka nan hukumomi da ƙungiyoyin da ke kafa na'urorin sola a yankin Birnin Gwari su nemi mai kawo kaya ya rubuta musu iyakar kwanakin da na'urarsa za ta yi a kunne ba tare da lissafinta ya kauce ba, tare da shaidar gwajin da ya tabbatar da hakan, kafin a biya kuɗin kwangila.